Hannun da yake mutuwa in an ɗaga shi: nazarin lamarin wani ɗan dako a Legas

Mutumin da sana'arsa

Ɗan shekara 31 ne lokacin da ciwon ya fara, daga wani ƙauye a jihar Jigawa. Ya zo Legas a 2016, ya sauka wurin 'yan garinsu a Idi-Araba, ya kama acaɓa. Ba ya shan taba, ba shi da suga ko hawan jini, kuma da hannun dama yake aiki. Ni ma'aikaci ne a sashen gashin ƙashi na asibitin da ya ƙare a cikinsa, ni na riƙa yi masa tafinta, kuma da yardarsa nake rubuta wannan.

A 2019 ya faɗi da babur a kan kafaɗarsa ta dama. Dogon ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya zuwa kan kafaɗa ya karye. An kai shi wurin mai ɗori a Agege, ya yi jinyar wata biyu, ƙashi ya kama. Abin da ya rage masa shi ne ƙululu a ƙarƙashin wuyan riga, da kafaɗar da ta ɗan rankwafa gaba fiye da 'yar'uwarta. Ya ƙara shekara uku a kan babur bai ji komai ba, har zancen ya fita daga ransa.

Ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin jihar Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Surulere da Ikeja da Apapa. Ranar 1 ga Satumba aka ƙara Mushin da Kosofe da Oshodi-Isolo da Shomolu, kuma Idi-Araba a cikin Mushin take. Ya sayar da babur, a Oktoba ya koma kasuwar Mil 12, inda wani dillalin kayan gwari ɗan yankinsu ya sa shi cikin masu sauke masa kaya.

Aikin dai sananne ne. Mota ta iso daga Arewa da kwandunan tumatir da buhunan albasa da tattasai, a naɗa gammo, a ɗora kwando a ka, a ɗaga hannu a tallafe shi har rumfar mai saye. Buhu kuma a saɓa a kafaɗa. Shi da hannun dama yake tallafe kwando, a kafaɗar dama yake saɓa buhu, tun daga bayan asuba har azahar.

Disamba 2022 zuwa Fabrairu 2023: alamun farko

A ƙarshen Disamba, in ya tallafi kwando ya yi tafiya mai ɗan nisa, sai ƙaramin yatsansa na dama da mai bi masa su yi dindiris. Yana sauke kaya ya saki hannun ya yarfa, sai su dawo. Babban yatsa da manuni lafiya lau. Da yake hunturu ne, kuma a rumfa yake kwana, shi da abokan aikinsa suka ce sanyi ne.

Kafin ƙarshen Janairu abin ya hau. Zugi yana tasowa daga gindin wuya, ya bi bayan kafaɗa, ya gangara ta cikin damtse, gefen da ke manne da jiki, har gefen tafin hannu. Hannun yana saurin gajiya. Ƙananan abubuwa suka fara gagararsa. In ya shiga doguwar bas ta BRT ta cika ya tsaya, ba ya iya riƙe madaurin sama daga Mil 12 zuwa Ojota sai ya sauya hannu. In ya kara waya a kunne zai yi magana da gida, kafin a gama gaisuwa hannu ya sage. In ya yi matashi da hannunsa yadda ya saba, ciwo ne zai tashe shi cikin dare. Wani lokacin har da ciwon kai ta ƙeya, a ɓangaren dama.

Hannun bai kumbura ba, launinsa bai sauya ba, bai fi ɗayan sanyi ba. Babu zazzaɓi, babu tari, babu rama.

Fabrairu ya zo da ƙarancin takardun kuɗi bayan sauya fasalin naira. Ɗan dako a hannu ake sallamarsa, don haka abin da yake samu ya ragu, sai ya ƙara yawan sawu don ya cike.

Maris zuwa Mayu 2023: kemis da wanzami

Mai kemis ya ba shi diklofenak da farasitamol da man zafi, ya yi masa allurar bitamin B. Zugin yakan lafa na wasu sa'o'i, dindiris ɗin yatsu kuwa jiya i yau. An kama azumi ranar 23 ga Maris, sai ya koma shan ƙwayar da sahur da buɗa-baki. Bayan mako biyu ya fara ƙwannafi da zafin ciki mai hana barci, dole ya ajiye ta. Wani abokin aikinsa ya kawo masa tiramadol, ya ƙi, don ya ga abin da ta yi wa wasu a zamaninsa na acaɓa.

Bayan ƙaramar Sallah ya je wurin wanzami aka yi masa ƙaho a bayan kafaɗa da damtse. Ya ce ya ji sauƙi sosai na kwana huɗu. Kwanakin nan huɗu bai ɗauki kaya ba, yana jiran tsagar ta bushe. Ranar da ya koma aiki, kafin hantsi ciwon ya dawo.

Yuni zuwa Agusta 2023: ƙaramin asibiti

A farkon Yuni hannun ya saki kwando a tsakiyar kasuwa, tumatir ya watse. Abin da ya fi asarar tayar masa da hankali shi ne bai ji lokacin da yatsunsa suka saki ba. Ya fara tsoron shanyewar ɓarin jiki. Ubangidansa ya ce masa, “Kai yaro, wannan ya wuce sanyi. Je ka asibiti, in kuɗi ne zan ranta maka.”

Ya je wani ƙaramin asibitin kuɗi. Da Turancin buroka ya yi bayani, kuma iyakar abin da ya iya faɗa shi ne hannu na ciwo, yana mutuwa. An auna jini da suga, duk daidai. An yi gwajin maleriya da taifot, aka ba shi maganin duka biyun. A zuwa na biyu aka ɗauki hoton wuya, aka ce ƙashin ya ɗan gogu, aka ba shi abin ɗaure wuya. Ya sa shi mako uku, wuya ya ƙage, hannu yana nan yadda yake. A zuwa na uku aka yi zaton jijiyar wuyan hannu ce ta matse, aka ba shi ɗaurin da zai riƙa kwana da shi. Shi ma bai yi komai ba. A duk zuwan nan da rigarsa a jiki aka duba shi.

Tsakanin zuwa na biyu da na uku ya je gida Babbar Sallah, wadda aka yi ranar 28 ga Yuni, ya yi mako uku. Ya yi noma da fartanya, amma ciwon ya kusa ɓacewa. Mutanen gida suka ce ai ga shi nan, Legas ce ba ta karɓe shi ba, wasu suka ce hannu aka sa masa. Bai cika mako da dawowa kasuwa ba komai ya koma sabo.

Satumba zuwa Oktoba 2023: bincike

Irin wannan lamari a Legas manyan asibitocin gwamnati ake kai wa, kamar na ƙashi da ke Igbobi, ko na koyarwa da ke Idi-Araba da Ikeja. A Satumba aka tura shi ɗaya daga cikinsu. Likitar da ta gan shi ta sa na tambaye shi abu uku: waɗanne yatsu ne, yaya hannun yake a lokacin da abin ke tasowa, kuma ya taɓa jin rauni a wuya ko kafaɗa? Na biyun farko ya amsa nan take. Na ukun ya ce a'a. Sai da ya cire riga aka ga ƙululun, sannan ya ce, “Au, likita, wannan ai tsohuwar karaya ce, ta warke tuni.”

Ga abin da aka samu a dubawa. An karkatar da wuyansa an danna kai, ciwon bai gangaro hannu ba. An ƙwanƙwasa jijiya a wuyan hannu da gwiwar hannu, bai ji komai ba. Da aka danna ramin da ke saman karayar, tsikari ya tafi kai tsaye har ƙaramin yatsa. Sai aka yi masa gwajin da ake jingina wa wani likitan fiɗa na Amurka, David Roos: mutum ya ɗaga hannuwa biyu, damtse daidai da kafaɗa, gwiwar hannu a lanƙwashe, ya riƙa dunƙulewa yana buɗewa har minti 3. Hannun hagu ya kai ƙarshe. Na dama ya faɗi a daƙiƙa 50, da irin ciwon da yake ji a ƙarƙashin kwando. Ƙarfin damƙa kilo 24 a dama, 38 a hagu. Da aka ce ya kimanta ciwon daga 0 zuwa 10, ya ce 7. Tsokar gindin babban yatsa ba ta motse ba, bugun jini a wuyan hannu yana nan.

Abin da likitar ta yi zato shi ne matsewar jijiyoyi a ƙofar ƙirji, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da TOS. Jijiyoyin laka da ke ba hannu ji da motsi suna fitowa daga wuya ta saiwa biyar. Kafin su isa hannu, su da manyan hanyoyin jini biyu, mai kai jini da mai dawo da shi, sai sun ratsa wurare masu ƙunci: tsakanin tsokokin gefen wuya (ban da mai dawo da jini, wadda ke bi ta gabansu), tsakanin ƙashin da ya karye masa da haƙarƙarin farko, sannan ƙarƙashin wata ƙaramar tsokar ƙirji kusa da hammata. Saiwoyi biyu na ƙasa su ne ke kwance a kan haƙarƙarin, kuma su ke kula da ƙaramin yatsa da mai bi masa da cikin hannu da ƙananan tsokokin tafi. Shi ya sa su ke fara kuka. Ɗaga hannu sama yana ƙara rufe hanyar, nauyi a kafaɗa yana danna ƙashin sama a kan na ƙasa. Yadda na yi masa bayani shi ne wayar lantarki da ƙofa ta danne: ƙwan fitila ne zai riƙa ƙyaftawa, amma a bakin ƙofa matsalar take.

Ciwon iri uku ne. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu shi jijiyar laka ce ke matsewa, kuma alamunsu irin nasa ne. In hanyar da ke dawo da jini ce ta toshe, hannu yakan kumbura farat ɗaya, ya yi nauyi, ya yi duhu ko shuɗi-shuɗi, jijiyoyin jini su fito raɗa-raɗa a kafaɗa da ƙirji. Wannan yakan samu matasa masu ƙarfi bayan aikin ɗaga hannu mai yawa, kuma gudan jinin yana iya ɓallewa ya tafi huhu. In kuwa mai kai jini ce, wanda shi ne mafi ƙaranci, yatsu su yi sanyi, su yi fari, su yi zugi, wani lokacin har da gyambo a bakinsu. Biyun nan na ƙarshe ba a kwana da su a gida. Abubuwan da ke jawo matsewar sun haɗa da ƙarin haƙarƙari a wuya, wanda ake haifar kusan mutum ɗaya cikin ɗari ko ƙasa da haka da shi, da karayar da ta kama a karkace, da rankwafewar kafaɗa, da aikin da ke sa hannu a sama kullum.

Babu gwaji ɗaya da ke tabbatar da nau'in jijiyar laka, kuma gwaje-gwajen ɗaga hannu sukan nuna alama ko a jikin mai lafiya. Don haka sauran binciken na kore wasu cututtuka ne. Hoton wuya da ƙirji ya nuna babu ƙarin haƙarƙari, saman huhu fes, wanda ya kore ƙari da tarin fuka a wurin, sannan ƙashin da ya karye ya kama ne ɗaya kan ɗaya, ya gajarta, ya tara ƙululu ta ƙasa. Sikanin na hanyoyin jini bai ga toshewa ba. Gwajin gudun saƙo a jijiya, wanda sai da abokan aikinsa suka yi masa karo-karo kafin a yi shi a Oktoba, ya nuna wuyan hannu da gwiwar hannu lafiya.

Nuwamba 2023 zuwa Afrilu 2024: magani

An tattauna fiɗa, ko a gyara ƙashin, ko a cire haƙarƙarin farko, aka ajiye ta a gefe tunda tsoka ba ta motse ba kuma jini yana gudu. Aka turo shi sashenmu. Wannan ba sabon tsari ba ne: rubutun da wani mai suna Peet da abokan aikinsa na asibitin Mayo da ke Amurka suka fara amfani da sunan ciwon a cikinsa, a 1956, a kan motsa jiki aka yi shi.

Ya riƙa zuwa sau biyu a mako a watan farko, daga baya sau ɗaya. An koya masa miƙar da tsokokin gefen wuya da ta gaban ƙirji, yana jingina hannu da bakin ƙofa. An koya masa ƙarfafa tsokokin da ke jan allon kafaɗa baya, da igiyar roba. An koya masa numfashi da ciki, domin mai numfashi da saman ƙirji tsokokin wuyansa ne ke jan haƙarƙarin farko sama a kowane shaƙa. Wannan ya fi ba shi dariya, ya ce shekara talatin yana numfashi sai yau za a koya masa. An hana shi matashi da hannu, aka ce ya kwanta ta hagu ya rungumi filo. Gashi da ruwan ɗumi kafin motsa jiki, farasitamol in ciwo ya matsa, ba diklofenak.

Mai wuyar ita ce maganar kaya. An ce masa kada ya ƙara ɗora komai a ka ko a kafaɗa. Ya ce, “Yallaɓai, to me za a ci?” Ubangidansa ya samo masa baro. A mako biyun farko baro ya ƙara masa ciwo, domin in aka cika shi, hannuwa ne ke ɗauke da rabin nauyin, suna jan kafaɗa ƙasa, wato danna ƙashin da ake so a ɗaga. Aka koma kura mai ƙafa biyu, wadda tayoyi ke ɗaukar nauyi, shi turawa kawai yake yi. Ba kowane lungu na kasuwar kura ke shiga ba, don haka sawunsa ya ragu, kuɗinsa ma haka.

A ƙarshen Disamba ciwon ya sauko zuwa 4, yana riƙe hannu sama minti 1 da daƙiƙa 40, kuma yana kwana ba tare da ya farka ba.

A Janairu ya ɓace mana mako uku. Kaya sun yi yawa, masu saukewa sun yi kaɗan, ya ga ya ji sauƙi, ya koma ɗaukar kwando. Ya dawo da ciwo 6, hannu yana faɗuwa a minti 1. Wannan karon da ubangidan aka yi magana, ba da shi kaɗai ba. Na ce masa, “Alhaji, in ya ci gaba da ɗora kaya a ka, fiɗa za a yi, kuma bayan fiɗar ma ba zai koma dako nan kusa ba.” Alhajin ya mayar da shi ƙidayar kwanduna a bakin mota da safe, da rana kuma ya ba shi kayan da zai kasa a rumfa.

Yadda ya kasance

A Afrilun 2024 ya cika minti 3 a gwajin ɗaga hannu, da ɗan tsikari a ƙarshe. Damƙar dama ta kai kilo 36. Ciwon 1 ne ko 2, yawancin kwanaki ma babu. A Oktoba aka sake ganinsa, babu abin da ya sauya. Har yanzu in ya daɗe da hannu a sama, kamar lokacin ɗaura tamfol a rumfa, ƙaramin yatsan yakan yi dindiris. Bai koma ɗaukar kaya ba.

Hukunci

A ganina karayar 2019 ce ta rage faɗin hanyar, dakon 2022 ya ƙarasa rufe ta. Kowanne shi kaɗai bai isa ba: ya yi shekara uku da karkataccen ƙashi lafiya, kuma ga ɗaruruwan 'yan dako a kasuwar da hannunsu bai taɓa mutuwa ba. Ba na ɗora wa mai ɗorin laifi kai tsaye, don irin wannan karaya ko a asibiti sau da yawa rataye hannu kawai ake yi, kuma takan kama a karkace. Abin da asibiti zai ƙara shi ne hoto, da gargaɗi a kan irin aikin da kafaɗar za ta iya.

Ƙwayoyi sun kasa ne saboda suna rage zugi amma ba sa ɗaga ƙashi daga kan jijiya, kuma sun ba shi damar ci gaba da abin da ke cutar da shi. Ɗaurin wuya da na wuyan hannu magungunan wasu cututtuka ne masu kama da wannan. Matsewar wuyan hannu babban yatsa da manuni da na tsakiya take kamawa, nasa kuwa ɗaya gefen ne, kuma tambayar waɗanne yatsu ta isa ta raba su. Gogewar ƙashin wuya da aka gani a hoto abu ne da ake samu a jikin mutane da yawa da ba sa jin ciwon komai. Sau biyu jikinsa ya nuna amsar ƙarara, a kwana huɗun ƙaho da mako ukun gida, amma aka ba ƙaho da sauyin gari ladan da hutu ya yi.

Wata tara suka wuce kafin a gane ciwon, kuma abin da ya gano shi tambaya uku ce da cire riga. Hoto da na'ura sun biyo baya ne don kore wasu abubuwa. Rashin tafinta ya taka rawa a nan, domin wanda zai iya cewa da Hausa zugi na bin cikin damtse in ya ɗaga hannu, da buroka sai ya ce hannu na ciwo ya yi shiru.

Tsakanin motsa jiki da sauya aiki, ina ganin sauya aikin ya fi nauyi. Abin da ya faru a Janairu ya nuna haka: yana motsa jikinsa yadda aka koya masa, amma mako uku na kwando suka rushe aikin wata biyu. Sauyin kuma ba a hannunsa yake ba, a hannun ubangidansa yake, kuma da an kira Alhajin tun Nuwamba da wataƙila ba a yi wannan koma-bayan ba.

Ƙashin yana nan a karkace, saboda haka ba za a ce ya rabu da ciwon ba. An bar shi a kan zuwa duk bayan wata shida, da sharaɗin ya zo a ranar, ba jiran lokacinsa, in hannun ya kumbura, ko ya sauya launi, ko ya yi sanyi, ko tsokar gindin babban yatsa ta fara lotsawa. In ɗayan waɗannan ya faru, maganar fiɗa za ta dawo.